Darasi Daga Giyar Tsohuwar Vespa

Cikin abin da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bari akwai tsohuwar Vespa, wadda nake hawa jefi-jefi don tunawa da shi. Kwanakin baya sai ta ɗauko wani hali: da zarar na sa giya ta biyu na ba ta wuta, sai giyar ta ƙwace, inji ya yi ta kuka babu tafiya. Makaniki na farko ya ce a canja kuloci, aka canja, ba ta sake zane ba. Na biyu ko taɓa ta bai yi ba, ya ce in sayar in sayi sabon babur.

Daga ƙarshe aka yi mini kwatancen wani dattijo a Sharaɗa, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran injuna a wata masana'anta ta Bompai. Kafin ya ɗauki sifana, tambaya ya fara yi: a wace giya take ƙwacewa, kuma sai an matsa mata ko kullum? Sannan ya hau ya zagaya. Ya duba wayoyi biyun da ke kai umarni daga hannun hagu zuwa giya, ya tarar saitinsu daidai. Ya ce da kuloci ne ke zamewa, da ba zai zaɓi giya ɗaya ba. Ya tsiyaye baƙin mai a faranti, ya nuna mini burbushin ƙarfe yana ƙyalli.

"Ɗana," in ji shi, "akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙafa huɗu da ke kama giya daga ciki. Bakinsa ne ya cinye."

Aka buɗe inji, haka aka tarar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda dattijon nan ya samo wannan tarbiyya ta gano cuta kafin ba da magani. A masana'anta ya same ta, zamanin da Bompai, Sharaɗa da Challawa ke cike da masaƙu, majemu, kamfanonin man gyaɗa da na robobi, har da na keken Raleigh. Duk injin da ya tsaya asara ce ta sa'o'i, saboda haka ba a yarda da lalube ba. Yaro kan shekara yana kallon maigidansa kafin a bar shi ya kwance ƙusa ɗaya.

Tun daga shirin SAP na 1986, da faɗuwar darajar naira, da ƙarancin wutar lantarki, da kwararowar kayan waje, masana'antun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mun saba lissafa asarar da yawan ma'aikatan da aka sallama. Ba mu cika lissafa makarantar da ta rufe tare da su ba. Yau yaro na iya buɗe gareji bayan 'yan watanni, sana'arsa cire wannan, sa wancan, mai babur ya biya kuɗin gwaji.

Ba laifin matasan ba ne, ba su sami mai koya masu ba. Shi ya sa nake kira ga Gwamnatin Jihar Kano, da asusun horar da ma'aikata na ITF da aka kafa tun 1971, da ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, su nemo ragowar waɗannan dattawa, su ba su gurbi da albashi a kwalejojin fasaha, ko da ba su da takardar shaida. Kullum muna fatan masana'antu su farfaɗo, amma ranar da wuta ta wadata, wa zai saurari inji ya gane ciwonsa? Dattawan nan kuwa kullum raguwa suke yi.

Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya sa mu farga tun ana samun ta.