Wa Ya Ce Shiru Ibada Ne?

Jama'a, abin da idona ya gane mini a hutun da ya wuce shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu don yi wa gwaggona ta'aziyyar mijinta. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ya haƙuri?" Sai ta dube ni, hawaye na zuba, ta ɗora yatsa a kan leɓenta. Ashe wani malamin tsibbu ne ya sa ta yin bakancen kame baki har kwana 40, wai don ladan ya isa ga mamaci. Mace da marayu biyar, ga takaba, ga dangin miji suna ta lissafin gonar fadama da komar kamun kifi, ita kuwa an ɗaure mata harshe da sunan Allah!

To, ina tambaya, a wane littafi aka samo wannan? Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana huɗuba ya hangi wani mutum, Abu Isra'ila, a tsaye. Aka ce ya yi bakancen azumi ne tare da barin zama da inuwa da magana. Annabi ya umarta ya yi magana, ya zauna, ya shiga inuwa, ya kuma cika azuminsa. Wato an karɓi azumin, an yar da shirun. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya bayyana cikin Muwaɗɗa cewa bai ji an ɗora wa mutumin kaffara ba. Haka Sayyidina Abubakar ya hana wata mata 'yar ƙabilar Ahmas da ta ƙudura yin hajji ba magana, ya nuna mata aikin jahiliyya ne.

Na san za a ce mini ai Nana Maryamu ta yi. Gaskiya ne. Amma nata na yini ɗaya ne, cikin shari'ar da ta gabaci tamu, kuma jaririnta ya yi magana a madadinta. Wa zai yi magana a madadin gwaggona ranar rabon gado? Za a kuma ce baki shi ke yanka wuya. Na yarda. Sai dai abin da addini ya hana shi ne ƙarya da gulma da annamimanci. Wanda ya kulle baki ɗungurungum ya kulle shi har da amsa sallama da lallashin maraya da neman haƙƙi.

Ko waɗanda suka riƙi shiru hanyar bauta, ai bai riƙu ba. Masu zaman zuhudu na Kirista a Kuluni ta ƙasar Faransa, tun ƙarni na 10, sai da suka ƙago alamun hannu na neman burodi da kifi. Meher Baba na Indiya ya daina magana a 1925 har ya mutu a 1969, shekara 44 ke nan, amma da allon haruffa da motsin hannu ya yi ta isar da saƙo. Magana kamar ambaliyar gulbin Rima ce, in ka tare ta nan sai ta ɓalle can.

Mu duba gida. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasa mijinta, Waziri Giɗaɗo, ta yi masa waƙar makoki, ta ci gaba da karantar da mata ta hannun jajinta har rasuwarta a 1864. Wane malamin tsibbu ya fi ta sanin takaba? Abin mamaki, mu da ke biyan kuɗi don sayen bakin amarya, mu ne ke toshe bakinta kyauta ranar da ta fi bukatarsa.

Da dare na karanta wa gwaggo hadisin nan, na fassara mata. Ta daɗe tana dubana, sa'an nan ta ce, "Ɗana, kira mini yaran nan." Kwana 19 rabon autanta da jin muryarta.

'Yan'uwana ɗalibai, gidaje nawa ne irin wannan ke faruwa ba wanda ya tanka? Mu da aka tura makaranta, in mun gani muka yi gum, to namu shirun ya fi nata muni. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya, amin.