Lissafin Kaɗawar Injuna: A Fara Daga Injin Niƙa na Batsari da Safana

Duk wani abu mai nauyi da aka ɗora bisa ƙarfe ko katako ko roba yana da adadin kaɗawar da yake yi a daƙiƙa guda idan aka buge shi aka ƙyale. Wannan adadi shi za mu kira kaɗawar asali. Abu biyu ne ke tsayar da ita: nauyi da tauri. Idan nauyi ya ninka sau huɗu, kaɗawar ta ragu da rabi. Idan tauri ne ya ninka sau huɗu, sai ta ninka biyu.

Haɗarin yana zuwa ne idan bugun da ke zuwa daga waje ya dace da wannan adadi. Mai tura yaro a shillo ba ya bukatar ƙarfi, illa ya riƙa turawa a daidai lokaci. Haka ta faru da gadar Millennium ta birnin Landan a shekarar 2000: takun masu tafiya a ƙasa ya sa ta lilo har aka rufe ta kwana biyu da buɗewa, ba a sake buɗe ta ba sai a 2002.

Ba sai an je Ingila ba. A Batsari da Safana, masu walda ne ke ƙera gindin injin niƙa da na casar hatsi da hasumiyar tankin ruwa, galibi da ido da gogewa. Ƙaramin janareta mai fetur yana juyi 3,000 a minti, wato 50 a daƙiƙa. Idan kaɗawar asalin gindin da aka ɗaura shi ta kusanci haka, kusoshi za su riƙa kwancewa, walda ta tsage, a ɗora laifi a kan ƙarfe. Tankin lita 5,000 kuwa tan biyar na ruwa yake ɗauka, don haka yadda hasumiya ke amsa iskar farkon damina idan ya cika daban ne da idan ya yi ƙasa. A yankin da ke bakin Dajin Rugu, inda matsalar tsaro ta sa kai inji gyara birni ya zama kasada, karyewar injin niƙa na nufin mata su koma ga turmi.

A nan manhajar lissafi ke da amfani. Akan ɗauki inji da gindinsa da robar ƙafafunsa a matsayin nauye-nauye masu haɗe da juna, a rubuta jadawalin nauyi da na tauri, sannan umurnin eig ya fitar da lambobin da ake samo kaɗawar asali daga gare su. Lasisin MATLAB yana da tsada, amma GNU Octave da Scilab da Python kyauta ne, kuma da zarar an sauke su a kwamfuta ba sa bukatar intanet.

Wani zai ce mai walda ya san aikinsa, idan gindi ya yi rawa sai ya ƙara ƙarfe. Gogewarsa abin girmamawa ce, sai dai ƙarin ƙarfe yana ƙara tauri da nauyi lokaci guda, kuma yana iya matsar da kaɗawar zuwa ga haɗari maimakon nesa da shi. Ita ma kwamfuta abin da aka ba ta take sarrafawa. Awon da ba daidai ba yana haifar da amsa mai kyan gani marar amfani. Gani ya kori ji: manhajar phyphox ta jami'ar Aachen da ke Jamus tana mayar da wayar hannu ma'aunin kaɗawa, a gwada da abin da lissafi ya nuna.

Ra'ayina shi ne, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011 a maƙwabtan Safana, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina su sa ɗaliban shekarar ƙarshe su auna injunan da ake aiki da su a waɗannan garuruwa, maimakon maimaita misalan littattafan waje. Sassan Hausa kuma su zauna da injiniyoyi a daidaita kalmomin fannin, domin sakamakon ya isa rumfar mai walda cikin harshen da yake aiki da shi.