Gyaran Dokokin Hanya a Jihohi: Daga Tasha Ya Kamata a Fara

Kusan duk lokacin da wani mummunan haɗarin mota ya auku a ƙasar nan, abin da ke biyo bayan jana'iza da zaman makoki shi ne kiraye-kirayen a yi wa dokar hanya kwaskwarima. An ji irin wannan kira bayan gobarar tankar mai a garin Majiya na Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa cikin watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutum 150 suka halaka. An sake jin sa cikin Janairu na 2025 bayan irin wannan gobara a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Haka kuma a ƙarshen watan Mayu na 2025, sa'ad da motar da ta ɗauko 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a Dakatsalle, saura ƙiris su isa gida, mutum fiye da 20 suka rasu.

Shawarwarin da akan kawo a irin wannan lokaci ba su cika wuce iri uku ba: a ƙara yawan tara, a hana wani irin abin hawa bin waɗansu tituna, a kuma ƙara wa hukumar kula da zirga-zirga ikon kamawa da tsare motoci. Kafin wakilan jama'a a majalisun dokoki na jihohi su ɗaga hannu su amince da irin waɗannan gyare-gyare, ya kamata su duba ko ina ne mutane ke mutuwa, su kuma duba iyakar inda hannun jiha yake kaiwa.

Bisa ga kundin tsarin mulki na 1999, zirga-zirga a kan manyan hanyoyin tarayya tana cikin abubuwan da Majalisar Ƙasa ce kaɗai ke da ikon yi musu doka. Dikko tana kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, Dakatsalle kuwa tana kan hanyar Zariya zuwa Kano, duka biyun hanyoyin tarayya ne. Wato ke nan ko da majalisar jiha ta ninka tarar tsallake fitilar ba da hannu sau goma a cikin birni, wannan ba zai rage gudun motar da ke keta daji da tsakar dare ba. Haɗurran da ke cin rayuka da yawa a lokaci guda a wajen gari suke aukuwa, alhali jami'an jiha suna tsaye a shataletale da mahaɗun cikin birni. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan ba yana nufin jihohi ba su da abin yi ba ne. Hasali ma jiha ce ta fara nuna hanya: a 1977 Jihar Oyo ta kafa rundunarta ta kiyaye haɗurra saboda yawan asarar rayuka a hanyoyin da ke kewaye da Badun, sai a 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ta naɗa Farfesa Wole Soyinka shugabanta na farko. Daga baya Jihar Ikko ta kafa LASTMA a shekarar 2000, Kano ta kafa KAROTA a 2012, Kaduna ma ta bi sahu da tata hukumar. Ko shakka babu, wanda ya san yadda mahaɗun Kano suke cushewa a da, ba zai ce KAROTA ba ta yi aikin komai ba. Sai dai fa daidaita cunkoso daban, ceton rai daban, kuma dokokin da aka yi sun fi karkata ga na farkon.

Babbar illar da ta shiga cikin lamarin ita ce gauraya dokar hanya da neman kuɗin shiga. Birnin Kano ya ga sakamakon haka har sau biyu. Cikin Fabrairu na 2021 direbobin a-daidaita-sahu suka ajiye aiki saboda harajin Naira 100 da aka ɗora musu kowace rana. Cikin Janairu na 2022 suka sake yin haka kan kuɗin sabunta takardar izini ta Naira 8,000. Ɗalibai da ma'aikata da mata masu zuwa asibiti suka yi ta sayyada a ƙasa. A cikin rikicin nan duka ba a ji ana gardama kan burki ko taya ko shekarun yaron da ke tuƙi ba, maganar kuɗi ce daga farko har ƙarshe. Idan direba ya saba ganin jami'in hanya a matsayin mai karɓar haraji, to, ranar da jami'in ya tsayar da shi don ya ɗauki fasinja fiye da kima, abin da zai zo masa a rai shi ne nawa za a sasanta.

Hani ma bai cika haifar da abin da ake zato ba. Haramta acaɓa a Kano cikin Janairu na 2013 ya biyo bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, saboda haka matakin tsaro ne tun asali. Jama'a kuwa ba su daina bukatar abin hawa ba, sai babura masu ƙafa uku suka cika gurbin, suka zo da tasu matsalar. A ƙarshen Nuwamba na 2022 gwamnatin jihar ta ba da sanarwar hana su bin waɗansu manyan tituna, ba a yi kwana biyu ba ta janye, domin motocin da za su maye gurbinsu ba su wadata ba. Akwai kuma abin da ya faru a farkon 2009, lokacin da aka tilasta sa hular kwano a ƙasa baki ɗaya, har aka ga waɗansu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. Abin ya ba mutane dariya, amma ya nuna cewa dokar da aka kafa ba tare da an shirya mata ba, dabarar kauce mata ake fara koya.

Masu son a tsananta horo sukan kawo misalin Ikko. Gaskiya ne dokar hanya ta 2012 da Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu ta hana babura bin tituna 475, ta kuma tanadi ɗauri ga mai tuƙi a hannun da ba nasa ba. Dokar 2018 da ta gaje ta ta ci gaba da wannan tsanani, har cikin Satumba na 2022 aka yi gwanjon motoci 134 da aka ƙwace. Amma duk da haka sai da jihar ta sake ayyana haramcin acaɓa a 2020, ta kuma sake a 2022, abin da ke nuna cewa rubuta horo mai tsanani bai wadatar ba. Bugu da ƙari, kotuna sun fara ja wa hukumomi birki. Cikin Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa jami'an duba motoci na Birnin Tarayya, waɗanda aka fi sani da V.I.O., ba su da ikon tsayar da mota su ƙwace ko su ci mai ita tara. Duk daftarin dokar da zai mai da jami'i guda ya zama mai kamu, mai shari'a, kuma mai karɓar kuɗi, yana iya faɗuwa a gaban alƙali, domin sashe na 36 na tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a hukunta shi. Kotun tafi-da-gidanka mai cikakken majistare, da biyan tara kai tsaye cikin asusun gwamnati, su ne mafita a nan.

To, ina ne hannun jiha yake kaiwa sosai? Amsar ita ce tasha. Kowace motar haya da ta kife a hanyar tarayya daga wata tasha ta taso, ko daga bakin titin wani gari, kuma tsarin mulki ya sa kula da tashoshin mota da kasuwanni cikin ayyukan ƙananan hukumomi, waɗanda dokar jiha ce ke tsara yadda za su gudana. A tasha ne ake cusa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, a ɗaure kaya har but ya kasa rufuwa. A tasha ne kowa ya san direban da ya iso daga Ikko da asuba bai runtsa ba, aka sake yi masa lodi da hantsi. A tasha ne, ko a gefenta, ake sayar da ƙwayoyin hana barci. A kasuwannin hatsi da na dabbobi kuwa ake ɗora mutane birjik a kan buhuna da shanu cikin tirela, wadda in ta faɗi sai a ji an yi jana'izar mutum gommai daga ƙauye guda. 'Yan kamasho sun san wannan duka, shugabannin ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wato NURTW, su ma sun sani.

Gyaran da zai yi amfani shi ne wanda zai ɗora alhaki a kan mai tasha da mai mota, ba a kan direba kaɗai ba. A wajabta rubuta sunayen fasinjoji da lokacin tashi, a hana yi wa mota lodi sai an ga takardar lafiyarta da lasin direba, a kuma tanadi cewa tashar da aka samu tana sakin mota da lodin wuce ƙa'ida za a rufe ta na waɗansu kwanaki. Tun 1 ga Fabrairu na 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya, domin ita kanta ta sha bayyana cewa gudun wuce sa'a ne kan gaba wajen jawo haɗari. Ƙa'idar ita ce kilomita 90 a sa'a ga bas da tasi a babbar hanya mai tagwayen layi, 60 ga tanka da tirela. Jami'in tarayya a tsakiyar daji ba zai iya duba kowace mota ba, amma a ƙofar tasha abu ne mai sauƙi a duba ko na'urar tana nan, ko an cire ta. Ƙungiyar direbobi za ta yi ƙorafi, tun da rage fasinja rage ciniki ne, ga kuma tsadar mai tun bayan janye tallafi a 2023. Wannan ƙorafi ba na banza ba ne, shi ya sa ya wajaba a zauna da su a zaman jin ra'ayin jama'a, a rage musu tarin ƙananan haraji da ake karɓa a hanya, a madadin su riƙe ƙa'idar lodi.

Lasin tuƙi ma akwai hannun jiha dumu-dumu a cikinsa. Hukumar tarayya ce ke buga katin, amma gwajin tuƙi aikin jami'an duba motoci na jiha ne, kuɗin kuma hukumar tara haraji ta jiha ke karɓa. Muddin ana iya samun lasin ko takardar lafiyar mota ba tare da an ga direban ko motar ba, to, sauran dokokin duk gini ne a kan yashi. Haka nan motocin kashe gobara da na ɗaukar majinyata na jiha ne. Akasarin waɗanda suka mutu a Majiya da Dikko ba fasinjoji ba ne, mutane ne da suka taru kwasar man da ya malala. Gwamnatin Tarayya ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris na 2025, amma killace wurin da tanka ta faɗi cikin mintocin farko aiki ne na waɗanda ke kusa, wato hukumomin jiha da hakimai da dagatai.

Saura batun lissafi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce mutum 5,421 ne suka mutu a haɗurran hanya a 2024, sama da 5,081 na 2023, alhali ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya haura mutum 30,000 a shekara. Tazarar ta samo asali ne daga waɗanda ake binnewa a ranar da abin ya faru ba tare da an rubuta ba, da waɗanda ke cikawa a asibiti bayan kwanaki. Jihar da ba ta san adadin matattunta ba, ba ta da ma'aunin da za ta gane ko gyaran dokarta ya yi aiki. Sashe guda cikin sabon daftari zai iya wajabta wa asibitocin jiha da hukumar zirga-zirga su haɗa alƙalumansu, su miƙa wa majalisa kowace shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a daidai lokacin da hukumar ke zuwa kare kasafin kuɗinta.