NAZARI: Tsadar fetur da lissafin sayen mota a karkarar arewacin Kano

A ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, litar mai ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin mako ya zagayo ta haura 500. Zuwa Oktoban 2024, gidajen man NNPC a Abuja suna sayar da ita naira 1,030. Tun daga nan farashin yake hawa da sauka, musamman bayan shigowar matatar Dangote kasuwa, amma bai ko kusanci inda ya baro ba.

A Bichi da Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, ƙauye ke kallon ƙauye, mota jari ce. Ita ke kai hatsi Dawanau, ta dawo da taki, ta ɗauki mai naƙuda cikin dare. Saboda haka tambayar da mai saye yake fara yi wa dillali yanzu ita ce: yaya shan manta?

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki motoci biyu, ɗaya tana shan lita 10 a tafiyar kilomita 100, ɗayar lita 7. Lokacin da lita take naira 200, bambancin naira 600 ne, kuɗin da direba ba ya ko waiwaya. Idan lita ta kai naira 1,000, ya zama 3,000. Direban da ke cin kilomita 2,500 a wata zai ga naira 75,000 tsakanin motocin biyu, wato fiye da mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta amince da shi a 2024.

Sai dai wannan lissafi na mutumin birni ne mai hawa shi kaɗai. Direban haya a hanyar Kano zuwa Daura ko ta Katsina yana raba man ne a kan fasinja da buhu. Ƙaramar mota mai tsimin mai wadda sai ta yi sawu biyu kafin ta kwashe abin da Sharon ke ɗauka a sawu guda, asara ce. Wannan ne ya sa tsohuwar Golf mai dogon baya take da farin jini har yau: tana jure lodi, tana shiga burji da yashi, kuma babu garin da za ta mace a rasa bakanikenta. Kayan gyaranta kuwa suna jibge a Ƙofar Ruwa. Motar zamani mai haɗa batir da fetur ta fi ta tsimi nesa ba kusa ba, amma ranar da batirinta ya gaza a bayan Kunchi, sai an ɗauko ta zuwa birni, kuma abin da aka tara na rarar mai na iya tafiya a gyara ɗaya.

Akwai kuma abin da masu ba da shawarar a sauya mota suke tsallakewa. Makonni kaɗan bayan janye tallafin, Babban Banki ya saki naira; dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a 2024. Kusan duk motar da ke wannan yanki ta hannu ce daga waje, da dala ake sayo ta, da dala ake ƙiyasta kuɗin kwastam ɗinta. Manufofin biyu sun haɗu sun yi wa mai ƙaramin ƙarfi ƙofar rago: man ya yi tsada, motar da za ta rage masa shan man ta fi ƙarfinsa. Da yawa sun gangara ne kawai, daga mota zuwa A Daidaita Sahu, daga nan zuwa babur ƙirar Boxer, wanda ake ɗora wa buhu biyu da mutum a kai. Haɗarin da ke cikin wannan lodi ba ya fitowa a lissafin lita.

Amsar Gwamnatin Tarayya ita ce iskar gas ta CNG, wadda ta kafa wa shiri na musamman a 2023. A takarda hujjar tana da ƙarfi, domin gas ya fi fetur araha sosai. Amma mayar da mota mai amfani da gas yana cin kuɗi masu yawa, tukunyar tana cinye wurin kaya, wanda shi ne abincin direban karkara, sannan tashoshin cikawa a birane suke. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, an sha ɗage ranar kammala shi. Ko gas ya wadata a birnin Kano, direban da ke jigila tsakanin kasuwannin ƙauye ba zai ƙona mai ya shigo birni don ya sayi araha ba. Motar lantarki kuma sai a tambayi garuruwan da ke kwana su wuni ba su ga wutar KEDCO ba.

Abin da ya rage a hannun direba ƙanana ne, amma suna tasiri: iskar taya daidai, wankin inji a kan lokaci, rage gudu, daina barin inji yana aiki a tasha. Sauran yana hannun hukuma. An janye tallafin ne da alƙawarin kuɗin zai koma ga jama'a, kuma kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai tun 2023. Hanya mai ramuka tana tilasta wa mota tafiya a ƙaramar giya, ta sha mai, ta ci taya. Matashin da ke son sanin inda rarar tallafin ta shiga yana iya farawa da kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa, ya duba kilomita nawa na hanyar kasuwa aka gyara daga 2023 zuwa yau.