HIRAR ZAURE: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA



Maganarmu ta wannan wata a kan samarinmu ta ke, masu zuwa fatauci birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda 'yan kasuwa su ke kira Gwanzu. Kakanni sun bi hanyar Gwanja da jakuna, ga jikoki suna bin hanyar Gwanzu da jirgin sama. Labari ya iso mana cewa waɗansu daga cikin masu daɗewa can sun ɗauki sha'awar wani wasa da Turawa su ke kira tirayatalon, mu kuwa za mu kira shi tseren zango uku. Iyaye sun tambaye mu, shin su hana ko su ƙyale? To, ga abin da mu ka gani.

Da fari sai mu san ko mene ne wasan. Mutum zai faɗa ruwa ya yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya kama gudu, duka a jere ba hutu. Babbansa shi ne wanda a ke kira Ironman: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42. Jimla kilomita 226 ke nan, watau saura kaɗan ya kai nisan Ankara zuwa Kumasi, kuma galibi awa 17 a ke ba mutum ya gama. An fara shi ran 18 ga Fabrairu 1978 a tsibirin Owahu na Hawai, ƙasar Amurka. Mutum 15 su ka tashi, 12 su ka kai, na farkonsu Gordon Haller ya ci awa 11 da minti 46. Akwai rabinsa, iyo kilomita 1.9, keke 90, gudu 21. Akwai kuma na Olamfik, iyo 1.5, keke 40, gudu 10.

Mutanen Sin ba baƙin wasan ba ne. A 2008 an yi cikakken Ironman a Haikou, tsibirin Hainan. A 2010, sa'ad da Guangzhou ta karɓi wasannin ƙasashen Asiya, an yi irin na Olamfik a Unguwar Jami'o'i ta birnin. A 2015 kamfanin Wanda na Sin ya sayi kamfanin Ironman ɗungum a kan dala miliyan 650, aka yi tseren rabi a Hefei da Xiamen a 2016, da Liuzhou a 2017, kafin Wanda ya sayar a 2020. Saboda haka ba mamaki yaronmu ya ga abokan cinikinsa suna yi, shi ma ransa ya biya.

Mu dai ba mu ga laifin wasan ba. Mun san zaman fatakenmu a Xiaobei da Sanyuanli: wuni a kanti ko a mota zuwa masana'anta, dare a kan waya ana lissafi da gida, ga tuwo mai nauyi da tsakar dare. Tumbi da hawan jini da ciwon suga sun kwantar mana da mutane da yawa tun ba su tsufa ba. Wanda ya tashi ya motsa jini ya yi wa kansa gata. Abin da mu ke tsoro shi ne gaggawa.

Ku tuna yadda ayarin goro ya ke tashi daga Kano zuwa Salaga. Madugu ya kan yi watanni yana shiri, a duba dabbobi, a haɗa guzuri, a san jagaba, a san inda ruwa ya ke. A kan tashi da asuba, rana ta take a sauka, shi ya sa aka sami zango, sunan da mu ke amsawa har yau. Da wannan sannu-sannu su ka ci tafiyar wata da watanni. Tseren nan haka ya ke so a bi shi, domin haka ga sharuɗɗanmu guda biyar.

Na ɗaya, likita tukuna. A auna jini da bugun zuciya, musamman wanda ya haura shekara 40. A kuma duba jinin sikila, gama da yawa a cikinmu suna ɗauke da rabinta ba su sani ba, kuma wahala mai tsanani cikin zafi da ƙishi tana iya tayar musu da ita. Kada saurayi ya ce ƙuruciya ta tsare shi. A gudun famfalaƙi na farko da aka yi a Guangzhou a Nuwamba 2012, samari biyu sun rasu, ɗaya a gudun kilomita 10, ɗaya a na kilomita 5.

Na biyu, ruwa. Nan ne rauninmu ya ke. Yaron zango ya san ƙwallo, ya san dambe, ya san keke tun yana aiken cefane, amma kaɗan ne cikinmu su ka iya iyo, har waɗanda aka haifa a bakin teku. Likitoci a Amurka sun bi lissafin tseren daga 1985 zuwa 2016, su ka sami mutum 135 da su ka mutu ko zuciyarsu ta tsaya, 90 daga cikinsu a ruwa abin ya same su. To, a nemi mai koyarwa a tafkin iyo na gini, inda akwai masu ceto, a je sau uku a mako, har mutum ya iya iyon awa guda bai kama bango ba. Sa'an nan ya gwada buɗaɗɗen ruwa, cikin jama'a, inda hukuma ta yarda. Gama tafkin gini yana da layi a ƙasa, kogi kuwa ba ka ganin ko tafin hannunka, ga ƙafafun mutane suna dukanka ta ko'ina. Bikin ƙetare kogin Zhujiang da aka farfaɗo da shi a 2006, wajen mita 800 ne kurum, duk da haka da jiragen ceto aka yi shi. Kada kowa ya faɗa kogin nan shi kaɗai.

Na uku, hawa daki-daki. Shekarar fari a yi ƙaramin tsere da na Olamfik, ta biyu a yi rabi, babban sai bayan haka. Shirin babban ya kan ci wata shida ko fiye, awa 10 zuwa 15 ko wane mako. Yawancin horon a hankali a ke yinsa, yadda mutum zai iya magana yana gudu. A riƙa ƙari kaɗan-kaɗan, mako uku ana hawa, na huɗu a sassauta, ko wane mako kuma a bar kwana guda na hutu. Lalle a saba da sauka daga keke a kama gudu nan take, domin a lokacin ƙafa ta kan yi kamar ta aro. Mako biyu ko uku kafin ranar a rage aiki, jiki ya tara ƙarfi. Wurin horo bai yi wuya ba: bakin kogi da tsibirin Ersha domin gudu, dutsen Baiyun domin hawa, Unguwar Jami'o'i da dajin Dafushan na Panyu domin keke. Kuma ba a hawa sai da hular kwano.

Na huɗu, guzuri da yanayi. Daga Afrilu zuwa Satumba damina ce a Guangzhou, ga zafi mai gumi wanda ya ke hana zufa bushewa, har ɗan Kumasi sai ya ji a jikinsa. A fita bayan sallar asuba, a dawo kafin rana ta yi ƙarfi. A doguwar tafiya jiki yana bukatar abin zaƙi giram 60 zuwa 90 ko wace awa, kuma dabino da ayaba sun isa su fara. A haɗa ruwa da ɗan gishiri, gama ɗirkar ruwa zalla fiye da kima yana tsinka gishirin jini, har ya sumar da mutum. Abin da ciki bai saba da shi a horo ba, kada a ba shi ranar tsere.

Na biyar, addini da jari. Tseren da ya ke kai awa 17 zai ratsa azahar da la'asar da magariba, saboda haka a zauna da malami tun da wuri a ji hukuncin matafiyi, a kuma nemi tufa mai rufe gwiwa. Da azumi a rage horo, a maishe shi gab da buɗa baki ko bayan asham. Kada a zaɓi tseren da ya faɗo lokacin babbar kasuwar Kanton, wadda ta ke ci daga tsakiyar Afrilu da kuma tsakiyar Oktoba, gama abin da ya kai ka garin ke nan. Batun keke kuwa, mun ji akwai wanda kuɗinsa ya kai na mota. Na hannu mai lafiya ya isa mai koyo. Kuɗin da gwaggo ko abokin ciniki ya ba ka sautu amana ne, ba na sayen taya ba ne.

To, iyaye, ga amsarmu. In ɗanku ya kira ya ce zai shiga, ku tambaye shi abu uku: likita ya duba ka? Wata nawa ka yi kana koyon iyo? Da kuɗin wa za ka yi? In ya amsa daidai, ku sa masa albarka. In ya yi inda-inda, ku ce ya dakata sai baɗi, tseren ba ya gudu.

Mu kuma da mu ke gida, akwai namu aikin. Muna roƙon sarkin zango da shugabannin samari su duba yadda za a riƙa kai yara koyon iyo lokacin hutun makaranta, ko za su yi tsere ko ba za su yi ba. Duk damina muna jin labarin ruwa ya ci yaro.

Allah ya kai fatakenmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.