Ɓarawon Kan Gicciye Bai Sauko Ba

Malam, na karanta maƙalarka inda ka ce tunda Yesu ya karɓi tuban ɓarawon da aka gicciye tare da shi, Kiristocin Borno su rungumi tubabbun 'yan Boko Haram su yi shiru. Rabin labarin ka ɗauko.

Koma Luka sura 23. Mutumin ya amsa laifinsa a bainar jama'a, ya yarda hukuncinsa daidai ne. An yi masa alkawarin Firdausi, amma a kan gicciyen ya mutu. Zakka kuwa, mai karɓar harajin Yariko, da ya tuba sai ya ce zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Bulus ma, a Romawa 13, ya ce ba a banza mai mulki yake riƙe da takobi ba.

Tun mutuwar Shekau, shugaban Boko Haram, a 2021 dubbai suka miƙa wuya, aka tara da yawansu a sansanin alhazai na Maiduguri. Wa ya ji an biya diyyar gona ko ta coci? 'Yan cocin EYN, waɗanda akasarin 'yan matan Chibok da aka sace nasu ne, sun daɗe suna yafewa ba tare da wa'azinka ba. Abin da suke nema, a gurfanar da waɗanda suka kashe musu 'yan'uwa a gaban alƙali.