Sandar rami: kafin mu zuba kuɗin ƙungiya, a bar yaran su gwada



A zaman da ya gabata an amince ƙungiya ta taimaka wa matasanmu huɗu da ke aikin kadi, wato ɗaukar jakar 'yan wasa a filayen golf na nan Legas, waɗanda suka fara shiga gasar da ake shirya wa masu ɗaukar jaka. Sauran sanduna sun samu na aro daga iyayen gidansu. Abin da ya rage shi ne fota, sandar da ake tura ƙwallo cikin rami da ita, kuma a kanta ne aka rabu gida biyu. Wasu sun ce a haɗa kuɗin a sayo mai babban suna guda ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Wasu sun ce sanda sanda ce, a sayo mafi araha guda huɗu a wuce wurin. Mu a ofishin sakatare ba mu tare da ko ɗaya, kuma ga dalilinmu.

Da farko, ga masu cewa ƙwallon lambu wasan masu kuɗi ne, me ya haɗa ƙungiya da shi. Gaskiya ne mai kuɗi ke biyan kuɗin kulob, amma wanda ya san filin ciki da bai shi ne yaron da ke bin sa da jaka tun asuba. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan da jaka suka fara. Wasan kuma ba baƙo ba ne a wajenmu, filin Rayfield na Jos tun 1913 yake. Yaron da ya fita daga ɗaukar jaka ya zama ɗan wasa ko mai koyarwa ya samu sana'a, kuma wannan ai shi ne aikin ƙungiya.

Doka ta ba ɗan wasa damar ɗaukar sanda 14, amma babu wadda ake yawan zarowa kamar fota. A fili mai rami 18 da aka ƙiyasta wa bugu 72, an ware bugu biyu-biyu a kowane rami don turawa, wato 36, rabin lissafin ke nan. Faɗin ramin kuwa inci 4 da kwata ne kacal. Yaro zai iya cilla ƙwallo ta yi nisan da za a tafa masa, ya zo bakin rami ya zubar da bugu uku. A nan ake cin gasa, a nan ake faɗuwa.

Kusan duk fotar da za ku gani ɗayan biyu ce. Akwai mai siririn kai, wadda yawancinta ke bin fasalin Ping Anser da Karsten Solheim ya ƙera a 1966. Akwai kuma mai faffaɗan kai, wadda 'yan fili ke ce wa malet, irin su Odyssey 2-Ball da TaylorMade Spider. Bambancin ya wuce na kyan gani. A faffaɗar an watsa nauyin zuwa baya da gefe-gefe, saboda haka ko ƙwallo ba ta sami tsakiyar fuskar sandar ba, kan ba ya karkacewa sosai, ƙwallon kuma ba ta rasa ƙarfi da yawa. Tana da dogon layi a sama da ke taimaka wa ido ya saita. Siririyar ba ta yafe kuskure haka, amma masu hannu suna son ta don tana gaya musu daidai yadda suka taɓa ƙwallo, kuma ta fi bin hannun wanda bugunsa ke zagayowa.

Wannan zagayowar ita ce abin da aka fi mantawa. Wani idan ya ja sanda baya, kusan a miƙe take tafiya ta dawo a miƙe. Wani kuwa tasa tana buɗewa ta rufe kamar ƙyauren ƙofa. Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo: a ɗora sandar a kan yatsa har ta daidaita, a dubi fuskarta. In fuskar ta kalli sama, an yi ta ne don mai miƙaƙƙen bugu. In bakin kan ya sunkuya ƙasa, ta mai zagayowa ce. Yawancin faffaɗan suna rukunin farko, yawancin siraran suna na biyu, ko da yake yanzu ana ƙera faffaɗa mai sunkuyawa. Ba wa mai zagayowa sandar mai miƙewa, sai ka ga yana ta kokawa da ita, yana zargin kansa da laifin da ba nasa ba. To cikin yaran nan huɗu, wa ya duba yadda kowannensu ke bugu? Babu. Ta yaya sanda ɗaya za ta ishe su?

Masu son babban suna hujjarsu Tiger Woods, kuma ba ƙarya suka yi ba. Da siririyar Scotty Cameron Newport 2 ya ci 14 daga cikin manyan kofunansa 15. Sai dai a duba Scottie Scheffler. A farkon 2024 yana na ɗaya a duniya, babu mai kai ƙwallo kusa da rami kamarsa, amma a lokacin turawar na ba shi wahala. A watan Maris na 2024 ya ajiye siririya ya ɗauki faffaɗar Spider, ya ci gasar Arnold Palmer, ya ci Players a mako na gaba, a Afrilu ya ci Masters. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sabuwar Scotty Cameron ta haura dala 400, ku buga da canjin yau ku gani. Ga shi tana cikin sandunan da aka fi yi wa jabu. Duk wanda ya kawo mana ita a farashin da ya yi daɗi fiye da kima, mu san akwai lauje cikin naɗi.

Masu cewa a sayo mafi araha su ma sun tsallake abu ɗaya, tsawo. Yawancin fota tsakanin inci 33 ne zuwa 35, kuma abin da ake so shi ne in mutum ya sunkuya, idonsa ya kasance saman ƙwallo ko ɗan ciki kaɗan, hannuwansa na rataye ba takura. Ɗaya daga cikin yaran dogo ne sosai, ɗaya gajere. A yanke wa gajeren da zarto, kan ya koma kamar ba nauyi a hannu. Sannan kada wani ya ga tsohuwar doguwar sanda irin wadda Adam Scott ya ci Masters da ita a 2013 ya sayo don ta yi araha. Sandar ba a hana ta ba, amma tun 1 ga Janairu 2016 hukumomin R&A da USGA suka hana a tokare ta da ƙirji ko ciki, kuma tokarewar ce amfaninta ga mafi yawan masu riƙe ta.

Akwai wani abu da ya shafi namu musamman. Biyu daga cikin yaran a Arewa suka koyi wasa, a irin filayen da wajen ramin yashi ne da aka gauraya da mai aka daddaɓe, ba ciyawa ba. A can sai ka doki ƙwallo take tafiya. A kan ciyawar da aka aske ta yi santsi, irin wannan dukan wuce rami yake yi da nisa. Hannun da ya saba da yashi yana bukatar lokaci, kuma ba za mu san sandar da ta dace da shi ba sai a kan filin da zai yi gasar.

Dattawanmu da suka shekara talatin da jaka sun ce hannu ne ke sa ƙwallo a rami, ba ƙarfe ba. Mun yarda da su fiye da rabi. Sanda ba ta karanta gangaren fili, ba ta kuma hana zuciya bugawa idan mutane sun zuba ido. Amma su ma in ka lura, kowannensu yana da wadda ba ya yarda a taɓa masa.

Shawararmu ita ce a sayo tokumbo masu kyau guda huɗu: faffaɗa biyu, siririya biyu, tsawo daban-daban, su zama kayan ƙungiya a rubuce a littafi. A duba fuskar ba ta lotsa ba, sandar ba ta lanƙwashe ba. Mariƙin in ya cinye ba komai, canza shi ba tsada. Kowane yaro ya yi mako biyu yana juya su, kullum turawa 20 daga taku biyu, 20 daga taku goma, ɗaya daga cikin dattawan na rubutawa. Wadda lissafi ya ba shi ita zai riƙe har ƙarshen gasa. In biyu suka dace da iri ɗaya, a sayar da wadda ta yi kwantai a cika a sayo. Mu a zatonmu uku daga cikinsu faffaɗar za su ɗauka, amma takardar ce za ta faɗa.

Za a kawo maganar a zaman ranar Lahadi bayan la'asar. Duk wanda maigidansa ke da tsohuwar fota a ajiye, ya roƙo mana ita ya zo da ita.